Ruwa, wuta, waya da magani: wa ke yi wa jama'a aikin gwamnati a Magarya da Dungas?

Matar da ta kai jarka bakin pampo a wani ƙauyen Bande ko Malawa ta miƙa dala biyu ko uku, ba kasafai take sanin hannu nawa kuɗin nan za su bi ba. Rijiyar da shaton mallakar komin ne. Mai tafiyar da su ɗan kasuwa ne da ya ci kwangila. Mai karɓar kuɗi a bakin pampo yaronsa ne, dokar da ta tsara abin duka kuma daga Yamai ta fito. Haka lamarin yake ga katin waya, da buhun takin zamani, da allurar shanu, da gadon yaro a asibiti. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 Nijar ta miƙa ayyuka da dama ga kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu, daga baya kuma ta karɓe wasu daga ciki. Ga bayani a kan yadda tsarin yake, da tarihinsa, da abin da ya haifar a gundumomin nan biyu na kudancin jahar Damagaram.

Yankin da ake magana a kai

Gundumar Magarya na da komin bakwai: Magarya, Bande, Ɗan Cawo, Kwaya, Sasumburum, Washa da Yekuwa. Gundumar Dungas, wadda aka cire daga jikin Magarya a 2011, na da huɗu: Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Ƙidayar 2012 ta ba Magarya mutum 577,743, Dungas kuma 353,867, watau sama da mutum 930,000 a haɗe, kuma yawan ya ƙaru sosai tun daga lokacin. Yankin na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a ƙasar, amma mafi yawansu a ƙauyuka suke.

Abu biyu ne suka bambanta shi da sauran sassan jahar. Na farko kwarin Korama, inda ruwa ke kusa da sama, ake noman rake da kayan lambu. Na biyu iyakar Najeriya: jahohin Katsina da Jigawa suna nan ƙofa, naira na yawo a kasuwanni, manyan kasuwanni irin su Maigatari kuma na jan fatake da makiyaya. Duk wani aiki da gwamnati ko kamfani zai yi a nan, yana da abokin gogayya a tsallaken iyaka, ko doka ta san da shi ko ba ta sani ba.

Me ake nufi da miƙa aiki ga ƴan kasuwa?

A bakin jama'a kalma ɗaya ce: "an sayar". A takarda kuwa hanyoyi ne daban-daban, kuma bambancinsu ne ke nuna wanda za a tuhuma idan aiki ya lalace.

Hanya ta farko ita ce sayarwa ta ainihi: gwamnati ta cefanar da mafi rinjayen hannun jarinta a kamfani, kamar yadda aka yi da kamfanin waya na SONITEL a 2001.

Ta biyu ita ce haya, wadda dokokinmu ke kira affermage. Kayan aiki na nan a hannun gwamnati ko komin, ɗan kasuwa yana tafiyar da su, ya karɓi kuɗi, ya riƙe kasonsa, ya miƙa saura. Da wannan ake tafiyar da ruwan sha.

Ta uku ita ce haɗin gwiwa: kamfani ya gina abu da kuɗinsa, ya ci moriyarsa na wasu shekaru, sannan ya mayar. Haka kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani da aka buɗe a 2019, bisa yarjejeniyar shekara 30.

Ta huɗu ita ce buɗe kasuwa: a soke babakeren kamfanin gwamnati a ba wasu izinin shiga, kamar a wayar salula, da shigo da taki, da safarar fasinja, da aika kuɗi.

Ta biyar ita ce wakilci: aikin na gwamnati ne, amma ta biya wani, ko ta bar wa wata ƙungiya ta yi shi da sunanta.

Ita ma gasa iri biyu ce. Akwai gasa a cikin kasuwa, inda mai saye ke da zaɓi kullum: in wannan layin waya ya gaza, ya sa wancan. Akwai kuma gasa don samun kasuwa, inda ƴan kasuwa ke takara sau ɗaya a lokacin ba da kwangila, wanda ya ci kuma ya zama shi kaɗai har wa'adi ya cika. Ba a shimfiɗa bututun ruwa biyu a titi ɗaya, don haka a ruwa da wuta iri na biyu kawai ke yiwuwa. Inda mai saye ba shi da zaɓi, kariyarsa ita ce takardar kwangila da idon hukuma.

Daga zamanin gyaɗa zuwa jerin 1996

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ce babban ɗan kasuwa. SONARA, da aka kafa a 1962, ita ke da ikon fitar da gyaɗa waje. COPRO-Niger na shigo da kayan masarufi. NIGELEC ta zo a 1968, OPVN mai kula da hatsi a 1970, SONIDEP mai kula da man fetur a 1977. Ƙasar Magarya na cikin cibiyoyin gyaɗa a lokacin, har tana da masana'antar matse mai ta SEPANI, kamar yadda Matamaye da Maraɗi ke da nasu. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya wannan noma, uraniyom ya maye gurbinsa a baitulmali.

Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa katutu. Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1983, daga baya da Bankin Duniya, kuma cikin sharuɗɗan akwai rage kamfanonin gwamnati. SONARA ta mutu, bankin BDRN ya rufe a 1990. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A 1996, zamanin Janar Ibrahim Bare Mainasara, gwamnati ta fitar da jerin kamfanonin da za a miƙa wa ƴan kasuwa, ciki har da na ruwa, da wuta, da waya, da mai. Ƙungiyoyin ƙwadago, musamman USTN, sun yi adawa da shirin saboda tsoron korar ma'aikata da tsadar rayuwa. A ƙarshe, cikin manyan huɗun nan, ruwa da waya ne kawai suka canja hannu. NIGELEC da SONIDEP sun zauna a hannun gwamnati.

Waya: inda gasa ta yi aiki

Labarin waya kashi biyu ne, kuma sakamakonsu ya sha bamban. A watan Disamban 2001 aka sayar da kashi 51 cikin ɗari na SONITEL ga haɗakar kamfanin ZTE na Sin da LAAICO na Libiya. Alkawuran zuba jari ba su cika yadda aka so ba, gwamnati ta karɓe ragamar a 2009. Yunƙurin sake sayar da shi ga wani kamfanin Libiya, LAP Green, a 2011 ya ci tura. A 2012 aka mayar da shi mallakar ƙasa, a 2016 kuma aka haɗe shi da reshensa na salula, SahelCom, suka zama Niger Telecom.

Buɗe kasuwar salula kuwa ya canja rayuwar ƙauye. Celtel, wanda ya koma Zain a 2008 sannan Airtel a 2010, da Telecel, wanda ya koma Moov, sun fara aiki a farkon shekarun 2000. Orange ya shigo a 2008, ya sayar da reshensa a 2019 ga ƴan kasuwar da suka mayar da shi Zamani Telecom. Wani bincike da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta wallafa a 2010 ya nuna cewa zuwan salula tsakanin 2001 da 2006 ya rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalilin a fili yake: falke ya daina ɗora gero a mota kafin ya ji nawa tiya take a can.

Haka aika kuɗi. A da sai gidan waya ko direban mota. Yanzu kamfanoni irin su Nita, Al Izza da Amana na gogayya a kan kwastoma, abin da ke da muhimmanci a yankin da samari da yawa ke tafiya ci-rani. Sai dai gasa na bin riba ne. Kamfani na kafa eriya inda yake ganin masu saye, ƙauyen da ke nesa da titi ya jira. A bakin iyaka wasu sun fi dogaro da layukan Najeriya.

Ruwan birni: shekara 22 na haya

Dokar watan Agustan 2000 ta raba tsohon kamfanin ruwa na SNE gida biyu. SPEN, mallakar gwamnati, ita ke da rijiyoyi da shato da manyan bututu, ita ke cin bashi ta gina sababbi. SEEN, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke tace ruwa, ta rarraba, ta rubuta takardar biya, ta karɓi kuɗi. Kamfanin Vivendi na Faransa, wanda ya koma Veolia, shi ke da kashi 51 na SEEN. Ƴan kasuwar Nijar na da 34, ma'aikata 10, gwamnati 5. Kwangilar ta shafi garuruwa hamsin da ƴan kai, galibi manyan birane da cibiyoyin gundumomi. An sabunta ta a 2011.

A tsawon wannan lokaci gidajen da ke da pampo sun ƙaru matuƙa, musamman ta hanyar shirin ja wa masu ƙaramin ƙarfi ruwa a farashi mai rahusa. Farashi kuwa gwamnati ce ke yanke shi, iri ɗaya a duk garuruwan, ta yadda ribar Yamai ke tallafa wa ƙananan garuruwa. Amma hayar ba ta magance komai da komai ba. Birnin Damagaram, da ke zaune a kan dutse yana jawo ruwa daga Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram, ya ci gaba da fama da ƙishirwa duk bazara. Neman sabon ruwa aikin SPEN da gwamnati ne; mai haya ba ya rarraba abin da babu.

Kwangilar ta ƙare ranar 31 ga Disamban 2023, ba a sabunta ta ba. Daga Janairun 2024 kamfanin gwamnati, Nigérienne des Eaux ko NDE, ya karɓi aikin.

Ruwan karkara: komin, ɗan kwangila da masu sha

Ga mafi yawan mutanen Magarya da Dungas, NDE ba ta shafe su ba. Ruwansu na fitowa daga rijiyar siminti, ko foraj mai pampon hannu ko na ƙafa, ko ƙaramin tsarin da ake kira mini-AEP: foraj, injin jawo ruwa, shato, da bututu zuwa pampunan unguwa. Ma'aunin da ma'aikatar ruwa ke lissafi da shi shi ne wurin ɗiban ruwa ɗaya ga mutum 250. A ƴan shekarun nan an fi gina shato ɗaya mai shayar da ƙauyuka da yawa.

A da, in wani shiri ya gina shato, sai a damƙa shi ga kwamitin gari. Sau da yawa kuɗin da aka tara kan tafi a rance ko hidimar gari, ranar da inji ya mutu a tarar asusu wayam. Dokar ruwa ta ranar 1 ga Afrilun 2010, da jagoran aikin ruwan karkara da ya biyo ta, sun sauya tsarin. Komin ce mai kaya. Ita ke kiran takara ta zaɓi ɗan kwangila, ta sa hannu da shi na ƴan shekaru. Masu shan ruwa na kafa ƙungiya, AUSPE, wadda ke sa ido ta kai kuka. Akwai kuma ofishi mai zaman kansa, SAC/SPE, da ke binciken lissafi da lafiyar injuna. A watan Janairun 2016 gwamnati ta ƙara tabbatar wa komin ikon kula da ruwa, tare da ilimi da lafiya da muhalli.

Kuɗin da aka karɓa a bakin pampo ana kasa su. Kaso mafi girma na ɗan kwangila ne, daga ciki yake biyan masu pampo da mai gadi da gazuwal da ƙananan gyare-gyare. Wani kaso na shiga asusun sabunta kaya da faɗaɗa bututu, wanda ake kira FRE. Wani na komin ne don hidimar ruwa da tsafta, wani kuma na ofishin bincike. In kowane kaso ya isa inda aka nufa, ranar da inji ya ƙone akwai kuɗin sayen sabo.

Wuraren da tsarin ke yoyo sanannu ne. Masu neman kwangila ba su da yawa, don haka takarar kan zama ta mutum biyu ko uku. Ƙaramin ƙauye ba ya kawo riba, shi ya sa ake haɗa shato da yawa a kwangila ɗaya, mai ƙiba ya ɗauki maras ƙiba. Da damina, musamman a Korama inda ake samun ruwa da ɗan haƙa kaɗan, mutane kan koma rijiya da tabki, ciniki ya faɗi, cututtukan ciki su tashi. Lakwal da gidan likita da wasu masu faɗa a ji kan tara bashi. Asusun FRE kan zama abin sha'awa ga komin da ba ta da kuɗin albashi. Inda ake karɓar kuɗin ruwa da naira, faɗuwar darajarta tun 2023 na cin ɗan kwangilar da zai biya kasonsa da sefa. A ɗaya ɓangaren, sauya injin gazuwal da faifan hasken rana ya rage kashe kuɗi ƙwarai, kuma tambayar da ta dace a yi ita ce ko rangwamen ya iso ga mai jarka.

Lissafin jarka

Mita kubik ɗaya lita 1,000 ce, watau jarka 50 masu lita 20. In ana sayar da jarka dala biyu, watau sefa 10, mita kubik ta kama sefa 500. In dala biyar ce, ta kama 1,250. A birni kuwa, shekaru da dama mai pampo a gida na biyan sefa 127 a kan kowace mita kubik ta goman farko a wata. Ke nan a farashin dala biyu ma, mutumin ƙauye na biyan kusan ninki huɗu na abin da ɗan birni ke biya, ga ɗauka a kai ko a amalanke.

Wannan tazara ba haɗamar ɗan kwangila kaɗai ta kawo ta ba. A birni kwastomomi dubbai ke raba nauyi, gari kuma na tallafa wa gari. A karkara kowane shato, ko kowane rukunin shato, da kansa yake ɗaukar kansa. Amma a birnin ma, wanda ba shi da pampo a gida yana saye daga ɗan garuwa a farashin da ya ninka na takarda sau da yawa.

Wuta da mai

NIGELEC ba ta taɓa barin hannun gwamnati ba, amma dokar lantarki ta 2016 ta ba kamfanoni damar samar da wuta su sayar mata. A haka kamfanin Istithmar ya gina tasha mai megawat 22 a Damagaram. Layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake fitowa, kuma kafin 2023 kusan kashi 70 na wutar da NIGELEC ke rarrabawa daga Najeriya ake saye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta, ba ta maido ba sai Maris 2024, bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi. A watan Yunin 2025 gwamnati ta yanke shawarar karɓe ragowar hannun jarin NIGELEC da ke hannun wasu, rana ɗaya da kamfanin uraniyom na Somaïr. Kai wuta karkara kuma an ɗora shi tun 2013 a kan hukumar ANPER. A ƙauyukan da waya ba ta kai ba, gasar da ake gani ita ce ta masu faifan hasken rana da masu cajin salula da masu janareta.

Man fetur ya fi kowa nuna ƙarfin iyaka. Matatar SORAZ, da aka buɗe a Nuwamban 2011 arewa da Damagaram, na iya tace ganga 20,000 a rana. Kamfanin CNPC na Sin na da kashi 60, Nijar 40. SONIDEP ke rarrabawa, gwamnati ke yanke farashi. Duk da haka shekara da shekaru man ruwa-ruwa na kwalba da jarka, mai shigowa daga Najeriya inda ake tallafa masa, shi ke tafiyar da babura da injunan ban-ruwa a kudancin jahar. Da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafi ya juye, jama'a suka koma gidajen mai. A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar fetur zuwa sefa 499. Buƙata ta yi wa matatar yawa, a watan Maris 2025 aka shiga ƙarancin mai a faɗin ƙasa.

Lafiya: ba a sayar ba, amma an raba nauyi

Asibitin gunduma da cibiyoyin CSI da ƙananan ɗakunan shan magani duk na gwamnati ne. Abin da ya sauya shi ne wanda ke biya. Bisa tsarin da ƙasashen Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987, dokar 1995 ta sa maras lafiya ya biya wani ɓangare, kwamitin gari ya riƙe kuɗin a sayo magani. A 2005 da 2006, zamanin Shugaba Mamadu Tanja, aka mayar da fiɗar haihuwa da awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Cibiya za ta yi aiki, gwamnati ta biya ta daga baya. Biyan ya riƙa jinkiri na watanni har shekaru, kantunan magani na cibiyoyi suka bushe, iyaye suka koma sayen magani a waje, har da na masu talla wanda ba a san ingancinsa ba.

A wannan giɓi ne ƙungiyoyin agaji suka shiga. Ƙungiyar likitocin MSF na aiki a Magarya tun yunwar 2005, tana tallafa wa sashen yara na asibitin gunduma tare da ma'aikatar lafiya, ta kuma buɗe wani sashen yara a Dungas a 2016. Kowace shekara, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da ƙarancin abinci a ƙarshen damina, yara ɗaruruwa ke kwance a lokaci guda. A watan Satumban 2018 ƙungiyar ta sanar cewa a tsawon wata guda kimanin yara 10 ke rasuwa kowace rana a sashen na Magarya, mafi yawansu an kawo su a makare. Irin wannan tallafi na ceton rai, amma kasafinsa ba a Yamai ake yanke shi ba, kuma yana iya raguwa ko ya tsaya.

Daga ranar 1 ga Satumban 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya a asibitocinta da rabi, ta mayar da haihuwa kyauta. Darasin 2006 na nan: rangwame na ɗorewa ne in baitulmali na cike gurbin a kan lokaci.

Taki da allurar dabbobi

Shekaru da dama hukumar CAIMA ce ke shigo da taki mai rahusa, amma ba ya isa, sau da yawa kuma yana zuwa bayan shuka ta wuce. Gyaran da aka amince da shi a 2018, da goyon bayan shirin MCC na Amurka, ya cire ta daga cinikin taki ya bar wa ƴan kasuwa shigowa da sayarwa, gwamnati ta koma sa ido da tallafa wa manoman da aka tantance. Ga manomin Washa ko Dogo-Dogo, wanda ya saba sayen takin Najeriya a tiya, tambayar ba ta wuce biyu ba: nawa ne, kuma abin da aka rubuta a buhu shi ne a ciki? Gasa na iya amsa ta farko. Ta biyu sai da gwaji da hukunci.

A kiwo, tun 2003 aka fara gwada tsarin SVPP a Dakoro: likitan dabbobi mai zaman kansa ya zauna a gunduma, ya horar da mataimaka a ƙauyuka, ya sayar da magani, gwamnati kuma ta ba shi wakilci ta biya shi don yin allurar rigakafin shekara-shekara. Tsarin ya bazu zuwa sassa da dama na ƙasar. Raunin sa shi ne jinkirin biyan kuɗin allura da gogayyar magungunan jabu na kasuwa.

Wa ke sa ido?

A 1999 aka kafa hukuma ɗaya, ARM, don lura da ruwa da makamashi da sadarwa da sufuri. Daga baya aka rarraba aikin: sadarwa ta koma ARTP a 2012, wadda ta zama ARCEP a 2018, makamashi na hannun ARSE tun 2015, ruwa na da ARSEau. Kwangilolin gwamnati da na komin kuma na ƙarƙashin ARCOP, wadda ta gaji ARMP, kuma wanda ya ga an zalunce shi a takara na iya kai ƙara gabanta. Duk waɗannan hukumomi a Yamai suke da mazauni. A gunduma, ofisoshin ma'aikatun ruwa da lafiya da noma da kiwo ne ido mafi kusa, tare da prefe.

A matakin komin an samu babban sauyi. Tun zaɓen Yulin 2004 kansiloli zaɓaɓɓu ne ke amincewa da kwangila su kuma tuhumi magajin gari. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa wakilan gudanarwa a madadinsu. Kwangilolin ruwa na nan daram, amma wanda ke sa hannu yanzu naɗaɗɗe ne, don haka nauyin sa ido ya ƙara faɗawa kan ƙungiyoyin masu shan ruwa da sarakuna da gidajen rediyon karkara.

Abin da mai biya ke da haƙƙin tambaya

Shekara talatin ɗin nan sun nuna cewa sunan mai kamfani ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. SONITEL ta gaza a hannun gwamnati ta kuma gaza a hannun masu saye. Salula ta bunƙasa saboda mai saye na iya juya baya. Ruwa, ko a hannun SEEN ko NDE ko ɗan kwangilar komin, ya dogara ne da jarin da aka zuba da kuma gaskiyar lissafi.

A garin da ke da shato, ga tambayoyin da kowane mai sha zai iya ɗagawa a taron AUSPE ko a ofishin komin. Wa ke riƙe da kwangilar, yaushe aka sa hannu, yaushe za ta ƙare? Mutum nawa suka yi takara? Nawa takarda ta ce a sayar da mita kubik, nawa ake sayar da jarka? Kwana nawa kwangila ta ba ɗan kwangila ya gyara in ruwa ya tsaya? Nawa ke cikin asusun FRE, su wa ke sa hannu kafin a fitar? Yaushe ofishin bincike ya zo na ƙarshe, kuma an karanta wa jama'a rahotonsa? Su wa ake bi bashin ruwa? Amsoshin duka a rubuce suke a takardun da komin da ɗan kwangila ke ajiye da su, kuma kuɗin da ake lissafawa a ciki na masu jarka ne.